Zomayen Baba a Hanyar Mokwa

Mahaifina mahauci ne. Ya zo Legas yana saurayi a bayan motar shanu, ya yi kusan shekara arba'in yana fawa a mayankar Agege, har gwiwoyinsa suka gaza. A Agege aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake koyarwa a wata makarantar firamare, kuma layi ɗaya ne tsakanin gidan aurena da gidansa. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai ya zama ba shi da abin yi in ban da masallaci da rediyo da zaman benci a ƙofar gida.

Wata Juma'a ya dawo gida da zomaye biyu a cikin kwali, dukansu mata, ɗaya fara mai jan ido, ɗaya ruwan toka mai tsaga a kunnen hagu. Kowa ya ɗauka na tukunya ne. Ni har na tambaye shi ko in aiko da kayan farfesu. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Na yanka abin da ya ishe ni a duniya," in ji shi. "Waɗannan kallonsu zan yi."

Da hannunsa ya haɗa musu keji a bayan ɗaki, da guntayen katako da raga. Kullum da hantsi sai ya ɗauki buhu ya bi masu kayan miya, su tara masa bawon kabeji da ganyen karas. Abokansa na mayanka suka yi ta yi masa tsiya, wai tsufa ya mai da shi makiyayin ɓeraye. Bai taɓa kula su ba. In na je gaishe shi da yamma nakan same shi a kan kujera 'yar tsuguno, farar tana kwance a cinyarsa, yana shafa bayanta da hannun nan nasa mai kaushi, rediyo na ta surutu ba mai saurare.

Da ƙanensa ya rasu a ƙauyenmu da ke gaba da Zariya, ya tafi ta'aziyya da nufin yin mako biyu. Ya bar mini mukullin ɗaki da zomayen, ya maimaita mini sau uku cewa kada in ba su jiƙaƙƙen ganye. Kwanansa goma a can ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Na bi motar haya na je na yi kwanaki a kansa a asibiti, aiki ya dawo da ni. Aka sallame shi zuwa gidan Goggo, ƙanwarsa, likita ya ce maganar doguwar tafiya a ajiye ta gefe. Harshensa ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma. Amma duk sanda Goggo ta kara masa waya a kunne, bayan gaisuwa abin da yake fara tambayata ɗaya ne: "Sun ci?"

Wata bakwai ina amsa wannan tambayar. Da hutun makaranta na watan Afrilu ya matso, maigidana, wanda ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya ce ya samu wanda zai tsare masa rumfa, mu tafi gida a motarsa da ni da 'yarmu mu yi kwana goma. Na ce to, amma da zomayen za mu tafi.

Ya ajiye cokali. "Zomo fa, Malama? Daga Legas har Zariya, a wannan zafin?"

"Su."

"In mun isa na shiga kasuwa in saya masa goma. Fara da ruwan toka duk akwai."

"Alhaji, ba zomo yake so ba, nasa yake so. Mutumin da ke gane saniya daga tafiyarta kake ganin za ka musanya masa abin da ya rena a cinyarsa?"

Ya ce za su mutu a hanya, kuma sai abin ya fi yi wa Baba ciwo. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya ce. Amma na riga na ga yadda tsohon nan yake kwance a ɗakin Goggo yana kallon rufi, ba abin da ke jiran hannunsa. Na ce in sun mutu ni zan faɗa masa da bakina, amma ba zan bar su a Agege ina ji ina gani ba. Alhaji ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Na shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Malamin noma na makarantarmu ya zaunar da ni ya yi mini bayani: zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma abin da ke kashe shi a tafiya abu biyu ne, zafi da ƙin cin abinci. Ya ce in ya galabaita kada in kuskura in tsoma shi cikin ruwa, kunnuwan kawai zan riƙa jiƙawa. Ya ba ni sirinji marar allura na ɗura ruwa. Kafinta ya yi mini ƙaramin keji mai raga ta kowane ɓangare da faranti a ƙasa. Maƙwabciyata Bayarabiya mai sayar da ƙanƙara ta daskarar mini da gorunan ruwa shida, tana dariya tana cewa ba ta taɓa ganin zomon da zai je hutu Arewa ba. Ranar Lahadin da ta rage mana na lallaɓi Alhaji ya zaga da mu zuwa unguwar Ogba ya dawo, don su san motsin mota. Ya tuƙa yana gaisawa da mutanen unguwa ta taga da fuskar wanda aka kama yana abin kunya.

Rigima ta ƙarshe a wajen loda kaya aka yi ta. Shi yana so keji ya shiga but ɗin mota tare da akwatuna, ni na ce kujerar baya. Kejin ya cinye rabin kujerar, 'yata mai shekara goma ta samu sauran rabin, ni kuma na ajiye kular ƙanƙara a tsakanin ƙafafuna a gaba. Saboda haka sai da muka bar buhun garin rogo guda da jarkar manja ɗaya daga cikin tsarabar da aka shirya. Alhaji ya dubi jarkar a ƙofar gida, ya dubi kejin, ya ce Allah ya sa a ga alheri.

Muka fita bayan sallar asuba, kafin motocin haya na danfo su cika titi. Har Ibadan lafiya lau. Esin motar na aiki, na naɗe gora ɗaya a tsohon tawul na sa a cikin keji, suka kwanta a jikinta ɗaya nan ɗaya can. 'Yata ta ɗauki aikin ba da rahoto: mai ruwan tokar ta ci karas, farar ta juya baya, yanzu sun haɗa kai. A Oyo muka tsaya muka karya, na canja gora. Tsakanin Oyo da Ogbomosho hanya ta yi ta jijjiga mu, farar ta lafe a kusurwa ta daina kallon abinci, amma numfashinta daidai. A Ilori muka yi azahar, na leƙa kula na ga gorunan sun fara saki, biyu kawai ke da sauran ƙarfi. Na nemi ƙanƙara a shagunan bakin hanya, aka ce an kwana biyu ba wuta. Na ce ba komai, ai zuwa Mokwa ba nisa.

Mun haye gadar Jebba da kaɗan muka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ce ta faɗi can gaba ta tare hannu ɗaya, masu gaggawa daga ɓangarenmu suka shiga hannun masu tahowa, aka yi kicibis, ba gaba ba baya. Rana ta ƙwalle sosai. Kwalta har wani rawa take yi a ido. Muka yi rabin awa injin na kunne, sai Alhaji ya nuna mini allurar zafi tana hawa.

"Dole in kashe, Malama. In injin nan ya ƙone a dajin nan, mu da zomayen duk mun shiga uku."

Ya kashe. Muka sauke gilasai, iskar da ta shigo kamar daga bakin tanda. Na sa gora ta ƙarshe, cikin ɗan lokaci ta zama ruwa. Na rataya ɗankwalina a taga don ya tare rana. Masu tallar fiya wata suka zo, na taɓa, duk ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Muka shiga awa ta biyu.

"Umma," 'yata ta ce, "farar ta kwanta."

Na juya. Ta miƙe a gefenta, ƙafafu a baya, kai a ɗage, baki a buɗe tana haki, hancinta ya jiƙe. Kunnuwanta sun yi ja wur, da na taɓa su kamar na taɓa murfin tukunya. Mai ruwan tokar ma tana haki amma tana zaune da ƙafafunta. Na fito na buɗe ƙofar baya na jawo kejin, na tsaya da shi a hannu a tsakiyar titi ina neman inuwa. Ba bishiya kusa, duk an sare, sai gajerun sabara da busasshiyar ciyawa. Inuwar da na gani guda ɗaya ce: ƙarƙashin wata tirelar shanu da ta nufi Kudu, wadda ta tsaya daura da mu. Mutum huɗu ko biyar sun shimfiɗa buhuna a ƙarƙashinta suna kishingiɗe.

A ranar da take daidai ba zan doshi wurin da maza ke kwance ba. Na doshe shi. Na yi sallama, na ce don Allah su ba ni gefen taya in ajiye dabba. Suka tashi zaune suna leƙen kejin, ɗaya ya tuntsire da dariya, amma suka matsa. Na durƙusa a kan tsakuwa, na fito da farar na shimfiɗa ta a kan tawul. Jikinta ya saki kamar tsumma. A samanmu shanu na buga ƙafa a kan katako, warin fitsarinsu ya cika wurin. 'Yata ta yago murfin kwalin biskit ta shiga yi mata fifita tana kuka.

Babbansu wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, da gani shi ne mai rakiyar shanun. Ya matso ya tsuguna, ya ɗaga fatar idonta da yatsa, ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ta tafi. A yanka ta tun da sauran rai, kada ta zama mushe."

Kafin in ba shi amsa ya zaro wuƙa daga kube. Ba da mugunta ba, yadda mutum zai miƙo maka buta in ya ga za ka yi alwala. Alhaji, wanda ya biyo ni da sauran ruwan kular, ya tsaya a kaina.

"Malama, gaskiya ya faɗa. Ba kyau a bar dabba tana wahala. Kin yi iya ƙoƙarinki, kowa ya gani."

Ni 'yar mahauci ce, na san abin da suke faɗa daidai ne. Na sha ganin an yi wa akuya haka a ƙofar gida ba wanda ya ce komai. Amma na dubi ƙirjinta na ga yana ɗagawa yana sauka, da sauri dai, amma bai tsallake ko ɗaya ba.

"Ku ba ni zuwa la'asar," na ce. "In an kira salla ba ta ɗaga kai ba, ni da kaina zan riƙe muku ƙafafun. Kafin nan ba mai taɓa ta."

Dattijon ya dube ni, ya dubi Alhaji. "Zomo ne fa, Hajiya. Ko na magani ne?"

"Na mahaifina ne. Yana kwance ba lafiya, kai masa zan yi."

"Daga ina?"

"Daga Agege."

"'Yar wa ce ke a Agege?"

Na faɗa masa sunan Baba da ɓangaren da teburinsa yake a mayanka, hannuna na kan jiƙa kunnuwan da ruwan kular mai ɗumi. Sai ya ce, "Dogo, mai tabo a haɓa? Wanda ba ya yarda a doki saniya in za a kayar da ita?"

Na ce shi ne.

Ya mayar da wuƙar cikin kube. Ya ce shekara da shekaru yana kai shanu Ikko, kuma farkon zuwansa, da zazzaɓi ya kayar da shi, a shagon Baba ya yi jinya kwana uku. Ya tambayi me ya same shi, na faɗa masa. Ya yi salati, ya yi masa addu'a. Sai kuma dariya ta kama shi, har yana riƙe gemu, wai mutumin da ya fi kowa saurin fiɗa a mayanka shi ne ya koma renon zomo. Yana dariyar ya miƙe ya zaga gefen motar, ya kwanto wata jarka da aka ɗinke cikin jiƙaƙƙen buhu aka rataye a inuwa. Ruwan shansu ne. Da ya zuba mini a murfin kula na ji sanyinsa kamar na randa.

Da shi na ci gaba. Ina tsoma gefen mayafina ina shafa kunnuwan daga tushe zuwa baki, ciki da waje, in bari iskar fifita ta busar, in sake. Na jiƙa tawul na matse na shimfiɗa a ƙarƙashinta, na jiƙa wani na yafa a kan kejin saboda 'yar'uwarta. Na ja ruwa a sirinji na riƙa ɗiga mata a gefen baki, ɗigo ɗaya, in jira. Na farko ya gangaro ta gemunta. Na biyu ma haka. Ban san ko na nawa ba ne na ga harshenta ya motsa. Hannun 'yata ya gaji, ban ankara ba sai na ga Alhaji ya karɓi kwalin ya durƙusa da farar shaddarsa a kan tsakuwa yana fifita, ya kawar da kai gefe.

Zufa ta jiƙa ni har zani. Mutanen wasu motoci suka taru suna kallo, wata mata ta ce cikin Yarbanci wai masu kuɗi ba su da aikin yi, ba ta san ina ji ba. Ban ɗaga kai ba. Abin da nake kallo kawai jan kunnuwan nan, wanda ya fara komawa ruwan hoda a hankali, da bakinta da ya rufe. Hakin ya ragu. Can sai ta ja ƙafar baya ɗaya ta shigar ƙarƙashinta, ta huta, ta ja ɗayar. Lokacin da wani direba ya tsaya a gefen titi ya kira la'asar, tana zaune a kan cikinta, kanta na rangaji amma a ɗage yake.

Dattijon ya leƙo kafin ya tafi sahu. "To, Hajiya, kin ci," in ji shi. "Jinin babanki ne, shi ma in ya kafe ba ya jin kira."

Ana idar da salla aka fara jin injuna na tashi daga gaba. Ya cika mana goruna biyu daga jarkar, ya damƙo harawa daga ta shanunsa ya cusa mini a leda, ya ce in gaida Baba, in ce masa baƙonsa mai zazzaɓi yana nan da rai. Tirelarsu ta yi Kudu, mu muka yi Arewa.

A Mokwa muka samu ƙanƙara. Alhaji ne ya fita nema, ya dawo da ita a leda yana ɗiga. Muka isa Bida da magariba, muka sauka a gidan wani abokin kasuwancinsa. Matar gidan ta ba ni wuri a baranda mai iska na ajiye kejin. Mai ruwan tokar ta hau harawa da ci kamar ba abin da ya faru. Farar ta sha ruwa, amma abinci ko shinshinawa ba ta yi ba. Na gwada karas, na gwada kabeji, na gwada dusa, ta juya kai. Maganar malamin noma ta dawo mini, cewa zomon da ya kwana ya wuni bai ci ba cikinsa tsayawa yake yi.

Da safe ma haka. Na zauna a gaban kejin da guntun karas a hannu, na rasa dabara. Alhaji ya tafi masallaci ya daɗe bai dawo ba, har na fara jin haushi, ga rana na ɗagawa. Sai ga shi ya shigo, takalmansa duk taɓo, da damin ganyen dankali a hammata. Ashe tambaya ya yi aka nuna masa masu lambu a bakin rafi, ya taka har can.

"Na tuna shi Baba ke ba ta in ta yi fushi," ya ce, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ni da na yi wata bakwai ina ciyar da su na manta da wannan, shi da yake wucewa kawai ya riƙe. Na goge raɓar da ke jikin ganyen da zanina ɗaya bayan ɗaya, na tura guda ta cikin raga. Ta shinshina. Ta kama gefensa ta ja, ganyen ya riƙa shigewa bakinta kaɗan-kaɗan har karan. Na tura na biyu. 'Yata ta yi tsalle ta yi ihu har matar gidan ta fito da ludayi a hannu.

Tafiyar rana ta biyu doguwa ce amma ba ta ba mu wahala ba. Duk garin da muka shiga, Alhaji sai ya rage gudu yana leƙen shaguna, in ya ga firiza ya tsaya. Kafin Suleja 'yata ta ba da rahoto mafi daɗi, cewa farar ta yi kashi. Ban taɓa zaton zan yi hamdala a kan kashin zomo ba, amma na yi, da ƙarfi kuwa. Muka wuce Kaduna da azahar, muka bar kwalta bayan Zariya, muka shiga ƙauye ana fitowa daga la'asar.

Ban gaya wa kowa da su zan zo ba, saboda tsoron abin da hanya za ta yi. Baba yana tsakar gida a kan tabarma, an jingina shi da bango da matashi, hannun hagu a kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya shafa kan jikarsa, ya amsa wa Alhaji da ka. Sannan na koma mota na ɗauko kejin na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana kallo. Na buɗe na ɗauko farar na ɗora masa a cinya. Ya sa hannun dama ya bi bayanta tun daga wuya har gindi, ya taɓa haƙarƙarinta, ya juya kunnenta ya duba ciki. Ya nuna ɗayar, na miƙa masa, ita ma ya bi ta haka. Goggo na tsaye da buta a hannu tana share ido da gefen mayafi.

Da ya buɗe baki, sai da na matsa kusa kafin na gane.

"Farcensu ya yi tsawo," ya ce. "Ba ki yanke ba."

Na ce a yi mini afuwa, gobe zan yanke. Na isar masa da gaisuwar dattijon hanya, ya gane shi nan take, ya yi wata dariya da rabin baki wadda Goggo ta ce rabonta da jin irinta tun kafin ciwon. Labarin abin da ya faru a ƙarƙashin tirela kuwa ban ba shi ba sai bayan kwana uku, shi ma 'yata ce ta fasa ƙwan.

Washegari aka kira kafintan ƙauyen ya yi babban keji. Baba ya nuna gefen tabarmarsa, a nan yake so a kafa. Goggo ta ce sam, ba za a tara mata ƙuda a ƙofar ɗaki ba, a kai shi can ƙarshen gida gindin mangwaro. Na buɗe baki zan roƙe ta, ta taka mini ƙafa. Da muka shiga madafa ta ce, "Ke, wata nawa likita na cewa ya riƙa takawa yana ƙi. Bari mu gani ko yanzu zai zauna."

Kwana biyun farko ya yi fushi, ya sa a kawo masa su. A na uku Goggo ta ce kowa na da aiki. Ya zauna har hantsi yana hararar gindin mangwaron. Sai ya ce a miƙo masa sanda. Alhaji ya riƙe shi ta hagu, suka yi taku shida ya zauna a kan turmi yana numfashi, aka ƙarasa da shi a kujera. Kashegari ya yi taku tara.

Ranar da za mu dawo mun gama loda kaya da sassafe, na shiga yi masa sallama ban same shi a tabarma ba. Yana tsakiyar tsakar gida shi kaɗai, sanda a hannun dama, ƙafar hagu na jan ƙasa, ganyen dankali ya leƙo daga aljihun rigarsa. Na yi sauri zan kama shi, ya ce in bari. Na tsaya a bayansa na ce Baba za mu tafi. Bai iya juyowa ba, don kada ya faɗi. Ya tsaya ya daidaita sandar, ya ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi mana albarka, in gaida mutanen layi. Sannan ya ɗaga ƙafar dama ya ƙara taku ɗaya.